Fashewa a Sararin Samaniya Ba Ta da Ƙara

A gidajen kallo na Samaru da Sabon Gari, in jirgin sararin samaniya ya tarwatse a fim, ƙarar har benci take girgizawa. Yara da yawa sun ɗauka haka abin yake, alhali a situdiyo aka haɗa ta.

Sauti girgiza ce mai bi ta iska, ruwa ko ƙarfe. A iska yana cin kusan mita 343 cikin daƙiƙa ɗaya. Can sama kuwa babu iskar da za ta ɗauko shi. Tun 1660 masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana yadda ya zuƙe iskar tulun gilashi, bugun agogon da ke ciki ya daina jiwuwa. Shi ya sa 'yan sama jannati ke magana ta rediyo, wanda saƙonsa, kamar haske, ba ya buƙatar iska.