Maɓallin tace abinci a manhaja ba ya isa ya kare mai alaji

Masu ƙera manhajar odar abinci da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun sa maɓallin da zai ɓoye duk abincin da ke da gyaɗa, ko madara, ko ƙwai, to sun gama da iyalin da ɗansu ke fama da alajin abinci, wato rashin lafiyar da ke tasowa idan jiki bai karɓi wani abinci ba. Wannan fahimta kuskure ce, domin maɓallin yana duba jerin kayan haɗin da gidan abinci ya shigar ne kawai, bai san abin da ke faruwa a madafa ba.

A ɗauki tsire a matsayin misali. Ana iya rubuta shi a manhaja a matsayin nama da yaji, alhali ana barbaɗa masa garin ƙuli-ƙuli, ana kuma shafa masa man gyaɗa. Ko abincin da babu gyaɗa a cikinsa yana iya gurɓata idan an soya shi a kasko ɗaya, ko an juya shi da cokalin da ya taɓa miyar gyaɗa, kuma ɗan abin da ya maƙale ya isa ya kumbura maƙogwaron yaro har numfashi ya gagara.

Dokar Tarayyar Turai ta lissafa abubuwa 14 masu tayar da alaji da dole a bayyana su idan suna cikin abinci, Amurka kuma tana da 9, bayan ta ƙara riɗi a 2023. A ganina, manhaja ta gari ita ce wadda ke ajiye bayanin kowane ɗan gida daban, take isar da gargaɗin ga mai girki da kansa, sannan ta jira gidan abincin ya tabbatar kafin a karɓi kuɗi.