An biya kuɗin wuri ba a zo ba, mu kuma muna tsaye a ƙofa

Watan Yulin da ya wuce na kwashi iyalina muka nufi wani gandun daji a nan Kalifoniya, da niyyar mu kafa tanti mu kwana biyu. Ban kama wuri ta intanet ba, domin irin aikina ba na sanin ranar hutuna sai saura mako guda. Muna isa, ma'aikaciyar ƙofa ta ce wuri ya cika. Ta bar mu mu shiga mu juyo da mota, sai ga filaye a jere babu tanti babu kowa, kowanne da takardar wanda ya biya manne a jikin turke. Ga magariba ta kawo kai. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, ga wuri can, me ya hana mu?" Wallahi na rasa amsa.

Ban ga laifin baiwar Allahn nan ba, ƙa'ida take bi. A shafin Recreation.gov, inda ake kama wuraren gwamnatin tarayyar Amurka, ana riƙe wa mutum filinsa har washegarin ranar da ya kamata ya iso. In bai zo ba, tararsa dala 20 da kuɗin daren farko. Mai hali bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Shi ya sa wasu ke kama wuri biyu ko uku tun saura wata shida, ranar tafiya su duba yanayi su zaɓi ɗaya, sauran su kwana fayau. Alhali a wuri kamar shahararren gandun dajin Yosemite, cikin 'yan mintuna filayen lokacin zafi ke ƙarewa.

Dokar da Gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ya sa wa hannu a 2023 ta taɓo matsalar a gandayen jiha: ka soke da wuri a mayar maka da kuɗinka, ka ƙi zuwa sau uku a shekara a dakatar da kai daga kama wuri. Na yaba, don dakatarwa ta fi tara ciwo. Amma ba ta share hawayen wanda ke tsaye a ƙofa a daren ba.

Ni a ganina, a riƙa rubuta sunayen masu jira, wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Ƙarfe takwas na dare ta yi, mai wuri bai zo ba bai kuma aiko saƙo ba, a ba mai jira aron daren, da safe ya tashi. Na san mota na lalacewa, kuma a cikin duwatsun nan waya ba ta shiga. To a ware fili ɗaya ko biyu don irin wanda ya iso tsakar dare. Haƙƙinsa bai salwanta ba, mu ma mun samu.

Mu dai a daren nan sai da muka yi tafiyar kusan awa biyu kafin mu sami masauki, tantin ko kwance shi ba mu yi ba.