Rigar ceto a teku tana lalacewa ko ba a sa ta ba

Akwai maganar da ke damuna game da rigar robar nan mai rufe jiki gaba ɗaya, da ma'aikatan jirgin ruwa ke sawa don kare kansu daga ruwan sanyi idan jirgi zai nutse. Wai tunda tana cikin jakarta, ba ta taɓa shiga ruwa ba, sabuwa ce fil, ba ta buƙatar kulawa. A ido, maganar tana da kan gado.

Sai dai ajiya ma tana cin ta. Gam ɗin da ke riƙe da ɗinkin yana bushewa, robar tana tsagewa a wurin ninki, gishirin iskar teku kuma yana kafe zif. Ɗauki zif ɗin kaɗai. Ƙa'ida ita ce mutum ya sa rigar da kansa cikin minti 2. In zif ya cije a ƙirji, hannu na karkarwa, ruwan sanyi ya sami ƙofa ke nan.

Shi ya sa ake duba ta duk wata, a ja zif sama da ƙasa, a goga masa kakin da kamfanin da ya yi rigar ya amince da shi. Hukumar IMO mai kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya kuma ta ba da shawarar kada a wuce shekara 3 ba a hura mata iska ba, a shafa ruwan sabulu a ɗinkin. Inda kumfa ta taso, nan take yoyo. Facin kuwa sai ƙwararru, salatif ba ya yi.