Sistocin Katolika ba matan da suka gudu wa duniya ba ne

Yana damuna in ji ana cewa sistocin Katolika mata ne da suka rasa miji, suka kulle kansu a coci. Wanda ya ga shigarsu da yadda suke zaune babu iyali zai iya zaton haka, amma mace ba ta zama sista sai bayan horon shekaru, sannan da yardarta ta ɗauki alkawari uku: kamewa daga aure, barin mallakar dukiya, da kuma yin biyayya. Suna ci tare, suna addu'a tare safe da yamma, da yawa daga cikinsu kuma suna wuni a makaranta ko asibiti. A Kaduna ma, Sista Kathleen McGarvey ce ta kafa majalisar matan Musulmi da Kirista a 2010, domin su zauna tare su nemo wa garin zaman lafiya.