Ranar da na mayar wa Baffa zuciya dama

Tun ranar da na shiga makarantar koyon aikin jinya 'yan gidanmu suka raɗa mini suna Dakta, ni kuma ban taɓa musawa ba. Shi ya sa da Baffa ya zo asibitin da aka tura mu sanin makamar aiki, likita ya rubuta masa gwajin zuciya saboda hawan jini, sai na yi caraf na karɓi takardar. Na ce, "Baffa, ku kwantar da hankalinku, aikin gida ne."

Makonmu biyu kacal da fara karatun ECG, wato gwajin da na'ura ke zana bugun zuciya a takarda. Wayoyi goma ne, shida a ƙirji, huɗu a gaɓoɓi: ja hannun dama, rawaya hannun hagu, kore ƙafar hagu, baƙi ƙafar dama. Na haddace su kamar karatun allo. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Baffa ya tuɓe riga da singileti ya kwanta yana makyarkyata, na tsaya ina fuskantarsa, na maƙala wayoyi, na danna.

Lafiyayyar zuciya abu uku take rubutawa a kowane bugu: ɗan tudu mai suna P, dogon tsini QRS, sai tudu mai faɗi T. Na'urar layuka da yawa take zanawa, kowanne da sunansa; a layi na ɗaya duk sama suke kallo. Na Baffa kuwa sun rataye kai ƙasa kamar jemagu a bishiyar mangwaro. Layin aVR, wanda malaminmu ya ce kullum ƙasa yake kallo, ga shi ya miƙe gadan-gadan. Zanen ma duk rawa yake, na nemi P na rasa.

Nan take darussa biyu suka faɗo mini. In P ya ɓace zane ya yi rawa, ana zargin atrial fibrillation, wato ɗakunan saman zuciya suna karkarwa maimakon su matsa, abin da kan iya jawo shanyewar ɓarin jiki. In kuma layi na ɗaya ya juye, akwai waɗanda ake haifa da zuciya a dama. Baffa ya haɗa duka biyun! Allah ya yafe mini, murna ce ta fara kama ni, har na hango kaina gaban manyan likitoci ina bayani.

"Ɗan nan, me ka gani ka yi tsit?"

Mai hankali cewa zai yi a jira likita. Ni na ce, "Baffa, zuciyarku a dama take, kuma ba ta tafiya daidai."

Ya saki salati. "Shekara 62 ina dafe hagu in na firgita, ashe ba kowa a wurin?" Sai wasiyya ta ɓarke. Ya yafe wa babana bashin naira dubu arba'in, babur ɗinsa kuma ya ce ni ya bar wa, tunda ni na gano ciwon.

Ana haka Sista ta shigo. Ta dubi takarda, ta dubi hannuwan Baffa.

"Jar wayar nan ina ka sa ta?"

"Dama, Sista."

"Damanka ko damansa?"

Da ƙasa za ta tsage, da na shige. Ta sauya wayoyin, ta lulluɓe Baffa da bargo har karkarwar ta lafa, ta sake dannawa. Sai ga P tsaf gaban kowane QRS. Ta ɗora gefen wata takarda ta yi ɗigo a kan tsinayen R, wato ƙololuwar kowane QRS, ta ja ta gaba, tazara ɗaya ce. Mai fibrillation tazararsa ba ta taɓa daidaita. Ta sa ni ƙirga manyan gidajen takardar gwajin da ke tsakanin tsini da tsini, don a gano saurin bugu. Huɗu. A raba 300 da 4, bugu 75 a minti, tsakanin 60 da 100 ɗin da ake so. Ta ƙara da cewa da na kalli layukan ƙirji tun farko, da na ga R yana ƙara tsawo daga V1, layin ƙirji na farko, zuwa gaba, alhali a mai zuciyar dama raguwa yake yi.

Baffa ya mayar da rigarsa a natse, ya gyara zaman hula.

"Malam Dama, maganar babur a bar ta. Ka kuma gaya wa ubanka ranar Juma'a ina nan zuwa karɓar kuɗina."