Gwazar da Ba Gwaza Ba

Shekarar da na je karatu Falmouth, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, ɗaki na kama a gidan wata tsohuwa. Yankin Cornwall, inda garin yake, sanyinsa da sauƙi, teku ta kusa kewaye shi, ƙanƙara ba ta cika kwanciya ba, shi ya sa suke raya tsirran da ba sa jure sauran sassan ƙasar. Bayan gidanta wani ɗan kwari ne, itatuwa sun rufe shi ruf, ƙasa jiƙe sharkaf. Wai lambu ke nan.

Da za ta je wajen 'yarta kwana 5, ta ce in riƙa leƙawa. Ni ɗan manomi jikan manomi, a ce leƙe kawai? Na ɗauki tsintsiya na share ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa tas. Ashe taki ne, shekara da shekaru take tattalinsa.

Ina cikin shara sai ga gwaza. Ganye faffaɗa mai sheƙi, wallahi kamar a fadamar garinmu. Wata 8 rabona da abincin kirki, nan take yawuna ya tsinke. Na ɗora ruwa a wuta, na fito da yajin ƙuli, na samo shebur. Na tona, sai ga wani abu kamar ƙatuwar albasa. Na tona ta biyu, ko ta farkon ce ta yi kuskure. Ta uku ma haka.

A jere kan teburin kicin ta tarar da su. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Zama ta yi, ta ce sunan abin Cardiocrinum giganteum, asalinsa tsaunukan Himalaya. Daga iri zuwa fure yakan ci shekara 7, ya miƙe kusan mita 3, ya yi fure sau ɗaya tak, uwar ta mutu ta bar 'ya'ya.

Na ce, "Kaka, waɗannan shekararsu nawa?"

Ta ce, "Shida, ɗana."

Na so in faɗa mata gero wata 3 yake yi, har a yi fura. Allah ya taimake ni na haɗiye.

Tare muka mayar da su rami. Hukuncina kuwa, kullum dare in fita da tocila ina tsintar dodon koɗi marar ƙoƙo daga kan ganye, cikin yayyafi. Biyu suka rayu. Har na gama karatu ba su yi fure ba, kuma duk bazara sai ta aiko mini da hoton ganye, ba ko gaisuwa a ƙasa.