Doguwar bas ɗin da ba ta san agogo ba

Ƙarfe biyar da rabi nake fita daga gida a Mararraba don in isa wurin aiki a Wuse, cikin Abuja, kafin takwas. Jiya sai tara saura na shiga. Ba cunkoson Nyanya ne ya riƙe ni ba, wannan mun riga mun saba da shi. Doguwar bas ce ta shanya mu a tasha kusan awa guda, inji a kashe, direba na wajen mai shayi, wai sai mota ta cika. Alhali kujeru sun cika tuni! Cikar da suke nufi ita ce a jera mutane a tsaye har bakin ƙofa, jakar wani a fuskarka.

Wata dattijuwa riƙe da katin asibiti ta ce wa kwandasta, "Ɗan nan, likita fa ba zai jira ni ba." Ko kallonta bai yi ba ya ce, "Mama, in kina sauri ga taksi can." Ta lallaɓa ta sauka. Ina kallo ta shiga wata mota marar fentin haya, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, a garin da kowa ya san aika-aikar 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja kamar 'yan haya su yi masa fashi. Wallahi har yanzu abin na cin raina.

Sannan a ce wai mutane ba sa son hawa manyan bas. Wa zai guji mota mai araha bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota na cinye albashi? An hana acaɓa a tsakiyar gari a 2006, an kori ƙananan bas a 2013 da sunan manya za su maye gurbinsu. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, ya dawo a 2024, Idu da Kubwa da filin jirgin sama ya sani. Mu da muka cika Karu da Mararraba da Masaka ko oho.

Ba kwandishan muke roƙo ba. A rubuta lokacin tashi a tasha, mota ta tashi a kansa ko ta cika ko ba ta cika ba, wata ta biyo bayanta. A kafa mana rumfa, damina ta daina dukanmu a layi.

Yau dai taksi na hau, na biya ninki, na tura wa maiɗakina lambar motar kafin mu tashi.